Minti Uku Kafin Laima Ta Shiga

Dutsen farko da na shuka da hannuna kwana huɗu ya yi yana girma a cikin kwalba, ya narke cikin awa ɗaya. Ina faɗa muku wannan ne, ku ɗaliban da kuka shigo ɗakin gwajinmu bana, saboda makon jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin nan ai dafa alewa ne kawai: ka zuba gari a ruwa, ka ɗora a wuta, ka je ka dawo. Ban tanka masa ba, don ni ba gwanin magana ba ne a cikin mutane. Shi ya sa na zauna na rubuta. Sunana Lawal. Shekarata bakwai a ɗakin nan, tun ina digiri na biyu, ga shi har yanzu ina kan na uku.

Abin da muke kira dutse ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Sunansa a littafi ferobiskayit. Gishirin dalma ne da wani gishirin ake narkarwa a ruwan sinadari, a tsoma kwalbar cikin kwanon mai a kan murhun lantarki, a riƙa ƙara zafi kaɗan-kaɗan. Halinsa saɓanin na sukari ne. Sukari ya fi narkewa a shayi mai zafi, shi kuwa zafi ne ke fito da shi daga cikin ruwan ya taru wuri guda, mai kusurwa huɗu, ruwan goro, bai wuce ƙwayar masara biyu ba. Da ruwan ya huce sai ya koma ya narke. Ranar nan da nake ba ku labari wuta aka ɗauke da hantsi, janareta kuma ya ƙi tashi. Ina tsaye ina kallon kusurwoyinsa suna zagwanyewa har kwalbar ta koma ruwa zalla.

Amfaninsa kuwa ga shi. Idan hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji da shi a asibiti, ya faɗa masa, sai ya mayar da shi 'yar wutar lantarki wadda mita ke karantawa. Haske kaɗan ya ishe shi, don haka da za a yi faifan ɗaukar hoto da shi, ba sai an zuba wa yaro ko tsoho haske mai yawa a jiki ba. Aibinsa shi ne ba ya jimiri. Laima ce ajalinsa. Fuskarsa ta dushe kamar an barbaɗa mata toka, mita ta fara nuna wuta ko da babu hasken komai, allurar tana tafiya ita kaɗai ba ta tsayawa. Wannan shi muke kira yoyo. Dutsen da ya fara yoyo ya gama aiki. Duk abin da ake yi a ɗakin nan, daga wanke kwalba har rubuta takarda, neman hanyar da zai daɗe ne.

Baba Yohanna ne ya koya mini aikin. Shi ne mai kula da kayan ɗakin, ya fi shekara talatin yana wannan aiki kafin ya yi ritaya bara, shi ya sa ba ku tarar da shi ba. Wata uku na farko ban taɓa sikeli ba. Kwalba kawai nake wankewa, in ɗauraye, in gasa ta a tanda, in ɗaga masa ita a hasken taga. In ya ga ɗigon ruwa ɗaya sai ya ce, “Ɗana, wannan kwalbar wanka ka yi mata ko alwala? Koma.” Shi ya nuna mini yadda ake riƙe hantsaki mai bakin roba don kada ya karce dutse. Shi ya nuna mini tukunyar gilashin nan da muke adana kaya a ciki, da shuɗɗan ƙwayoyin da ke ƙasanta masu shan danshi, waɗanda in sun ƙoshi suke komawa ruwan hoda, a soya su a kasko su dawo shuɗi. Shi ya kafa dokar cewa ba a ci ba a sha a ɗakin, ko goro, saboda dalma guba ce mai taruwa a jiki ba ta fita. Bayan dutsena na farko ya narke, shi ya samo baturan babbar mota guda biyu ya haɗa wa murhun, har yau su ne a ƙarƙashin tebur. Kuma shi ya sa na yi wa kowane shafi na littafin aikina lamba, ya ce littafin da aka yage wa shafi ɗaya ba shaida ba ne.

Ba mu da injin eksire namu. Duk ranar Alhamis bayan Azahar mukan sa duwatsun a kular abinci, mu hau keke zuwa wani ƙaramin asibiti a Unguwar Shanu, inda Malam Tukur mai ɗaukar hoto ke ba mu aron ɗakinsa in babu marasa lafiya. Shi ne abokin cinikinmu, in har muna da shi. Mutum ne mai ƙiba, mai yawan tsiya. Da ya hango mu zai ce, “Masu kula sun iso. Yau tuwo ne ko har yanzu duwatsu?” Amma yana son aikin ya yi. Ya sha gaya mana cewa abin da ya fi ƙi a sana'arsa shi ne hoto ya fito dishi-dishi, ya ce wa uwa ta sake kwantar da ɗanta a ƙarƙashin injin. Mukan jera duwatsun a kan gadon, mu jona wayoyi, mu koma bayan bangon dalma, ya danna. Ni nake karanta mita, ni nake rubutawa.

Sagiru ya zo ɗakin shekara biyu a bayana. Bakatsine ne, iyayensa na zaune a Katabu, kullum mota biyu yake shiga kafin ya iso. Bayan La'asar yana koyar da hadda a wata makaranta can unguwarsu, don haka uku da rabi dole ta yi masa a tashar Kawo. Dogo ne, mai fara'a, muryarsa tana riga shi shigowa. Littafin aikinsa kuwa ban san me zan kira shi ba. Rabin abin da ya auna a bayan kwalin safar hannu yake rubutawa, wani a tafin hannunsa, ya je ya wanke. Baba Yohanna, wanda ya tsare ni wata uku a wurin wanki, sati biyu kacal ya ba shi sikeli. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Hannunsa ba ya rawa.” Nawa ma ba ya rawa. Malam Tukur, wanda shekara biyu ina zuwa wurinsa bai taɓa ce mini zauna ba, ranar farko ya jawo wa Sagiru kujera. Shugabarmu Dakta Binta, wadda ba ta cika dariya ba, in ya yi magana har tabarau take cirewa ta share ido. Shi kuma Ustaz yake kirana, saboda shiruna da littattafan da nake yawo da su.

Shekarar da nake kira muguwar shekara, tun kafin ruwan farko Dakta ta tara mu. Ta ce wata jami'a a ƙasar waje da muke hulɗa da ita ta ba ɗakinmu gurbin mutum ɗaya, ya je ya yi wata shida a wurinsu. Mu biyu ne muka cancanta. Ta ce ba za ta zaɓa da son rai ba. Kowa ya shuka dutse goma daga gari ɗaya, ya rufe su da gam iri ɗaya, a jera su a kan kanta ɗaya a sarari, ba a cikin tukunya ba, su sha damina. Wanda nasa suka fi daɗewa ba su yi yoyo ba, shi zai tafi.

Na fita daga ofishinta ina ganin na gama tafiya. Na riga na karanta duk takardun da mutanen can suka buga. Na san sunan kowane injin da ke ɗakinsu. Sagiru kuwa a kan matakala ya ce mini, “Ustaz, wai can ɗin akwai fura?”

Ga yadda nake rufe dutse a lokacin. In ciro shi daga kwalba, in tsane shi da takarda, in bar shi ya huce sosai. In goge fuskokinsa a kan lallausan ƙyalle har su yi sheƙi. In auna tsawo da faɗi da kauri, kowanne sau uku. In ɗora a sikeli. In ɗauki hotonsa ta gefe shida. In sa gilashin ƙara girma in bi shi kusurwa-kusurwa ina neman tsaga, kuma da yake idona ba ya ganin nesa, sai hancina ya kusa taɓa shi. Sannan in shafa masa baƙin shafen gawayi a fuska biyu, in manna wayoyi, in zuba gam in rufe. Minti hamsin, wani lokaci awa guda. In na gama, dutsen yana kyau kamar a sa a zobe.

Sagiru kuwa sai uku ta wuce yake tuna yana da dutse a wuta. Ya figo shi da zafinsa, ya dangwala a takarda, ya shafa gawayi, ya manna waya, ya kwarara gam, ya rataya jaka. “Baba, sai gobe! Ustaz, a yi mana addu'a!” Duwatsunsa a karkace suke a cikin gam, wani har da kumfa a gefe.

Ranar da ya rufe na farkonsa na juya littafina ta baya na rubuta abin da na gani. Ba wanda ya sa ni. Niyyata ita ce, in lokaci ya yi, in nuna wa Dakta irin aikin da ake so a gwada da nawa. Daga ranar, duk sanda ya taɓa dutse sai na dubi agogon bango na rubuta: ya ciro ƙarfe kaza, ya rufe ƙarfe kaza, ya fita ƙarfe kaza, bai auna ba, bai duba tsaga ba. Nakan ƙara da wasu abubuwan da ba su shafi aiki ba.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ma'aunin laima da ke bangon ɗakin ya hau sama ya zauna. Takardu suka yi laushi a kan tebur, gishirin da ke gidan kowa ya jiƙe, ƙwayoyin tukunya kwana biyu suke yi su koma ruwan hoda, Baba kullum yana bakin kasko. A sati na shida dutsena na farko ya fara yoyo. Na ce tsautsayi ne. Sati na bakwai biyu suka bi shi. Ni ne mai karanta mita, saboda haka da bakina nake faɗin mutuwar nawa da lafiyar nasa, Malam Tukur yana jingine da bango yana cewa, “Kai, Bakatsine, me kake ba su ne? Na Malam Lawal ga kyau kamar amare, amma ba sa kwana.”

Na zargi Sagiru da ɓoye nasa a tukunya in an tashi. Na zagaye kowane dutse nasa da fensir a kan kanta, siririn layi da ba mai lura. Washegari suna nan daram, ko motsi. Na zargi gam ɗinsa, na ɗiba na gwada a nawa, bai hana komai ba. Na shinshina kwalbarsa. Na auna garinsa. Har ranar Lahadi na taɓa zuwa, na karɓi makulli wurin mai gadi, don in ga ko yana zuwa a ɓoye. Ba kowa sai ƙarar ruwa a kan kwano. Da damina ta ja baya, cikin gomana ɗaya ne ke da rai. Cikin nasa takwas.

Ranar wata Alhamis, da muka dawo daga Unguwar Shanu, Dakta ta kira mu ofis. Ta ce mutanen can sun ga sakamakon sun yi murna, amma suna son a rubuto musu hanyar da aka bi da dalilin da ya sa ta yi aiki. Ta dubi Sagiru.

“Me kake yi wanda Lawal ba ya yi?”

Ya sosa ƙeya. “Wallahi, ranki ya daɗe, bismilla kawai nake yi.”

“Lawal ma yana bismilla. Ina littafinka?”

Ya miƙa mata. Ta buɗe, ta juya shafi uku, ta rufe. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

“Sagiru, ba zan aika mutum ya tsaya a gaban masana ya ce sa'a ya yi ba. Abin da ba za ka iya faɗin yadda aka yi shi ba, ba za a iya maimaita shi ba. Na ba ka zuwa Litinin. In ka kawo mini dalili, kai za ka tafi, kamar yadda na yi alkawari. In ba ka kawo ba, Lawal zan tura. Nasa sun mutu, amma ya san ranar da kowanne ya mutu da nauyinsa.”

A waje Sagiru ya dafa kafaɗata. “To Ustaz, Allah ya sa alheri. Ni mi zan rubuta? Ka dai riƙo mana tsaraba.” Ya duba agogo, ya ruga Kawo.

Ranar Asabar da safe na zo ɗakin don in haɗa takarduna. Baba Yohanna yana nan yana soya ƙwayoyi. Na juya littafina ta baya, ina tunanin abin da zan yi da shafukan nan tunda buƙatarsu ta wuce. Na fara karantawa ne kawai don in ji daɗi. Dutsensa na ɗaya: ya ciro uku da minti goma sha biyu, ya rufe uku da kwata. Na biyu, minti uku. Na uku, minti biyu da wani abu. Na huɗu, minti ashirin da shida, kuma a gefe na rubuta cewa mahaifiyarsa ta kira shi a waya, ya bar dutse a kan takarda ya fita baranda. Na tsaya. Na huɗu yana cikin biyun da suka mutu. Na duba na tara, ɗaya mataccen: minti goma sha tara, gam ya ƙare, ya tsaya neman sabo a kabad.

Na koma gaban littafin, wurin nawa. Hamsin, hamsin da biyar, arba'in da takwas, awa ɗaya. Sai na bakwai, wanda shi kaɗai ya rayu: minti shida. Ranar aka aiko cewa maƙwabcinmu ya rasu, za a yi jana'iza, na rufe shi a gurguje ban auna komai ba. A ƙarƙashinsa da hannuna na rubuta: aikin banza, a sake.

Na ɗauko takarda mai gidaje, na sa mintunan da dutse ya yi a sarari a ƙasa, satittikan da ya rayu a gefe, na ɗiga duka ashirin. Ban taɓa samun ɗigo da suka bi layi haka ba a duk aikin da na yi. Ashe laimar ba ta cikin gam take ratsawa ba. Tun kafin a rufe take kwanciya a fuskar dutsen, mu kuma mu rufe ta a ciki tare da shi. Shi yana rufe nasa da ɗuminsa, danshi bai samu wurin zama ba. Ni ina barin nawa ya huce, in goge masa fuska in buɗe sabuwa, in sunkuya in yi ta huci a kansa kusan awa guda.

Baba ya zo ya tsaya a bayana da kasko a hannu. Ya daɗe yana kallon takardar.

“Wannan layin na wane ne?”

“Na Sagiru ne, Baba.”

“Ya sani?”

“Bai sani ba.”

“Dakta fa?”

Na naɗe takardar na cusa a cikin littafin. Ya juye ƙwayoyin a tukunya, ya daidaita murfin.

“To, ni ban ga komai ba, ɗana. Idona ya tsufa. In za ka fita ka ja ƙofa da ƙarfi, ta kumbura.”

Na yi tunanin kwafe lambobin kawai a sabuwar takarda, amma na san Dakta ba ta karɓar kwafi sai ta ga asali, kuma shafukan suna da lamba, ba halin yagewa. Na yi tunanin riƙe abin har in isa can, in gano shi a ɗakinsu, da sunana. Wannan tunanin ya fi daɗewa. Har jerin kayan da zan saya na tafiya na rubuta ranar Lahadi.

Ranar Litinin Sagiru ya shigo ofis hannu rabbana. Ya fara cewa, “Ranki ya daɗe, ni dai...” sai na ajiye littafina a kan teburinta, na buɗe ta baya, na ɗora takardar layin a kai. Na ja da baya. Ta dubi layin, ta gyara tabarau, ta koma kan shafukan, kuma da yake al'adarta ce, ta fara karantawa da ƙarfi.

“Ya ciro uku da minti goma sha biyu, ya rufe uku da kwata. Bai auna ba. Ya shigo yana warin tsire.” Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba. “Ya yi minti huɗu yana dariya da Baba a kan abin da ba abin dariya ba. Ya ce wa Dakta rigarta ta yi kyau. Fadanci.”

Sagiru ya fashe da dariya. Ta karanta shafi na biyu, da na uku. Wajen na huɗu dariyar ta tsaya.

“Ustaz,” ya ce, “wata biyar kana rubuta ni?”

“Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya.”

“Ina gaishe ka kullum.”

“Ina amsawa.”

Dakta ta rufe littafin. Ta ce, “Wannan shi ne aiki mafi tsabta da aka taɓa yi a ɗakin nan, kuma ba don Allah aka yi shi ba.” Ta sa muka shuka sababbin duwatsu, muka rufe wasu a minti uku, wasu a goma, wasu a talatin, wasu da takunkumi a baki, wasu babu, muka sa su a akwatin da Baba ya jera wa kofunan ruwa don ya yi laima. Sakamakon bai canja ba. Ta rubuta wa mutanen can, ta sa sunan Sagiru a gurbin, ta ce alkawari ta yi a kan wanda duwatsunsa suka daɗe, kuma ga dalili ya samu. A takardar da aka buga sunansa ne farko, nawa na biyu. Na ɗan jira ko zai ce a ba ni gurbin tunda ni na gano. Bai ce ba. Ni ma da ni ne, ba zan ce ba.

Sati uku kafin ya tafi bai kira ni Ustaz ba. Malam Lawal yake cewa, a taƙaice, kuma in zai rufe dutse sai ya juya mini baya.

Yanzu ku saurari yadda ake rufewa, don shi ne abin da za ku fi yi a nan. Kafin ka taɓa kwalba, komai ya zama a jere a dama da kai: takardar tsanewa, shafen gawayi a buɗe, wayoyi biyu an riga an fere bakinsu, gam an riga an dama. Takunkumi a baki da hanci. Waya a kashe, a cikin jaka, jakar a waje. Ka dubi ma'aunin laima, in ya hau sosai ka bar dutsen a wuta sai gobe, ba abin da zai same shi. Ka ciro, ka tsane sau ɗaya, ka shafa, ka manna, ka rufe. Awo da hoto da neman tsaga duk ta cikin gam za ka yi su daga baya. Ba za su yi daidai kamar yadda kake so ba. Ka haƙura. Da wannan hanyar muka haɗa duwatsu goma sha shida a faifai ɗaya, muka ɗauki hoton makullin Malam Tukur a cikin ambulan, ya fito ana ganin haƙoransa. Ya ɗaga hoton ya ce, “Allah ya yi wa Bakatsine albarka.” Ni na shuka duka sha shidan.

Wata shidan Sagiru sun zama shekara uku, don sun riƙe shi ya yi digirinsa a can. Ya daɗe bai neme ni ba. Ran nan ina cikin keke a cunkoson Kawo sai ga saƙon murya daga wata lamba mai tsawo.

“Ustaz! Kana nan kana rubuta mutane? Wallahi kai ya kamata a kawo nan. Akwati gare su na gilashi, babu laima ko ɗigo a ciki, ka zura hannu ta safa ka yi awa biyar kana shafa dutse ba abin da zai same shi. Saurina ba shi da amfanin komai. Kullum faɗa ake mini a kan littafi, wai ban rubuta kaza ba, ban auna kaza ba. Jiya na ce musu akwai wani a Kaduna, da shi kuka samu da kun huta. Ka gaida Baba. Ka ce wa Malam Tukur babu fura.”

Na saurara sau uku. Na amsa masa da cewa na gode, Baba ya yi ritaya, kowa lafiya.

Akwai agogon gudu a aljihun teburina, wanda za ku ga ina dannawa in kuna rufe dutse. Kaina ma ina danna wa. Cikin shekara ukun nan na sauko daga minti hamsin zuwa uku da daƙiƙa arba'in. Nasa mafi kyau biyu ne da hamsin, yana yi yana hira da Baba, jaka a kafaɗa. Jibi Laraba ina da dutse da zai nuna. Wanda ya ce dafa alewa ne ya zo ƙarfe goma, ya riƙe mini agogon.